Asusun WA Cares na jihar Washington: me senti 58 a kan kowace dala 100 yake saya wa ma'aikaci?

Kusan duk mai karɓar albashi a jihar Washington ta Amurka, wato jihar da ke arewa maso yamma mai birnin Seattle, ba babban birnin ƙasar ba, in ya duba takardar albashinsa zai ga wani ɗan layi da ake zaftare masa kuɗi da sunan WA Cares. Tun ranar 1 ga Yulin 2023 ake cirewa. Kuɗin yana shiga asusun gwamnatin jiha ne da aka tanada don ranar da mutum zai kasa yi wa kansa wanka, ko tashi daga gado, ko zuwa banɗaki sai an kama shi. Gwamna Jay Inslee ne ya sa hannu a dokar a 2019, kuma Washington ce jihar farko a Amurka da ta wajabta wa ma'aikatanta inshora irin wannan. An tsayar da 1 ga Yulin 2026 a matsayin ranar fara biyan masu buƙata.

Hukuncinmu a kan shirin shi ne: yana da araha, kuma yana da amfani sosai ga wanda za a yi jinyarsa a gida. Wanda kuwa ya ɗauka ya samu kuɗin zama gidan jinyar tsofaffi har ƙarshen rayuwa, ya yi kuskuren lissafi, don abin da ke ciki bai fi na 'yan watanni ba. Sannan akwai sharuɗɗan shekaru da awoyi da za su iya sa mutum ya biya shekara bakwai ya tashi a tutar babu.

Ramin da aka zo cikewa

Mutane da yawa suna zaton Medicare, inshorar lafiyar tarayya ta 'yan shekara 65 zuwa sama, za ta ɗauki nauyin jinyar tsufa. Ba ta ɗauka. Abin da take biya shi ne zaman farfaɗowa a gidan jinya na kwana 100 iyaka, shi ma sai an kwantar da mutum a asibiti kwana uku a jere tukuna. Kwana 20 na farko ita ke biya duka, daga na 21 zuwa na 100 majinyaci yana sa nasa kason kullum, wanda a 2025 ya kai dala 209.50. Akwai wani tarko a nan: in asibiti ta rubuta cewa an ajiye ka ne don a sa ido a kanka, ba kwantarwa ta haƙiƙa ba, kwanakin ba sa shiga lissafin ukun nan, ko da ka kwana a gadon asibitin. Mai zuwa gida ya yi wa tsoho wanka ya ba shi abinci wata da watanni kuwa, wannan ba ruwan Medicare da shi.

Wanda ke biyan mafi yawan kuɗin kulawa ta dogon lokaci a Amurka shi ne Medicaid, inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, wanda a Washington ake kira Apple Health. Amma kafin ya kama ka sai ka talauce. Mutum ɗaya ba zai riƙe kadarar da ake ƙirgawa sama da dala 2,000 ba, ko da yake galibi ba a ƙirga gidan da yake ciki da mota ɗaya. Ana waiwayen wata 60 baya a ga ko ya kyautar da dukiya don ya cancanta, in an samu haka sai a jinkirta masa. Bayan rasuwa kuma jiha tana da ikon bin gadon wanda aka yi wa hidima daga shekara 55 ta karɓi abin da ta kashe. Gwamnatin tarayya da jiha ne ke raba kuɗin Medicaid, don haka duk tsohon da ajiyarsa ta ƙare ya faɗo wannan layi, kasafin kuɗin jiha ne ke jin nauyinsa. Abin da ya sa 'yan majalisar Olympia, babban birnin jihar, suka ƙirƙiro WA Cares ke nan: mutum ya samu abin da zai fara da shi ba tare da ya cinye ajiyarsa ba, jiha kuma ta jinkirta ranar da zai zama nata.

Abin da ake biya da abin da ake samu

Ana cire kashi 0.58 cikin ɗari na albashi, senti 58 a kan kowace dala 100. Ma'aikaci ne kaɗai ke biya, mai kamfani aikinsa ya cire ya aika. Mai albashin dala 50,000 a shekara zai ba da dala 290, wajen dala 24 a wata. A shekara goma ya zuba dala 2,900, a shekara talatin dala 8,700. Abin da asusun ya yi alkawari shi ne dala 36,500 a tsawon rayuwa, adadin da ake ɗagawa gwargwadon hauhawar farashi. Asalinsa dala 100 ne sau kwana 365.

Babu tambayar lafiya. Mai ciwon suga, mai hawan jini, wanda aka taɓa yi wa aikin zuciya, duk farashinsu ɗaya da lafiyayye, mace da namiji ma haka. Kamfanonin inshora masu zaman kansu ba sa yin haka. Sukan ƙi mai tsohon ciwo ɗungurungum, mata kuma sukan biya fiye da maza. Sannan da ka daina aiki ka daina biya, alhali inshorar kamfani sai ka ci gaba da biya bayan ritaya, in ka tsaya ta mutu. Waɗannan biyun su ne ƙarfin shirin, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga direba ko mai shara ko ma'aikaciyar jinya da ba za su taɓa sayen inshorar kamfani ba.

Sai dai ba a sa wa albashin iyaka ba. Mai ɗaukar dala 300,000 a shekara yana biyan dala 1,740, a shekara 21 ya zuba fiye da dala 36,500 ɗin nan. Masu wannan ƙorafi gaskiya suka faɗa, amma haka aka gina abin da gangan, masu ƙarfi su tallafi marasa ƙarfi. Kuma ba adashi ba ne da kowa zai kwashi nasa in zagaye ya zo kansa. Wanda ya rayu lafiya har ya rasu bai buƙaci a kama shi ba, ba a mayar wa magadansa ko sisi. Asusun na mai biya ne shi kaɗai: matar da ba ta aikin albashi ba ta shiga ƙarƙashin na mijinta. Wannan babban giɓi ne, don sau da yawa ita ce za ta yi jinyar mijin, ta kuma rayu bayansa ba mai yi mata.

Shekaru da awoyi, inda ake faɗuwa

Hanyoyin cancanta uku ne, kuma a kowacce, shekara ba ta shiga lissafi sai mutum ya yi aƙalla awa 500 a cikinta. Awa 500 bai kai awa goma a mako ba, don haka mai aikin wucin gadi ma yana iya cikawa.

Hanya ta farko ita ce shekara goma na biya. Wanda ya cika ta ya samu haƙƙi na dindindin, ko da buƙatar ta zo bayan shekara talatin. Da farko dokar ta ce kada a samu yankewar shekara biyar a jere a tsakani, amma gyaran da aka yi wa dokar a 2025 ya cire wannan sharaɗi, kuma ya kyautu, don mata masu barin aiki saboda renon yara ko jinyar iyaye su ya fi cutarwa. Tunda a 2023 aka fara karɓa, ba wanda zai cika goma kafin 2032.

Ta biyu ita ce shekara uku cikin shida na baya-bayan nan, ana ƙirgawa daga ranar da aka nemi taimako. An yi ta ne don wanda hatsarin mota ko shanyewar ɓarin jiki ya same shi yana tsakiyar aiki. Cikakken kuɗi ake ba shi, kuma ba sai tsoho ba, ɗan shekara 18 zuwa sama ya isa. Amma wannan ƙofa tana rufewa. A ɗauki wanda aka haifa a 1970, ya biya daga 2023 zuwa 2030, ya ajiye aiki, jiki ya gaza masa a 2040. Bai cika goma ba, kuma a cikin shekara shida na ƙarshe bai biya ko ɗaya ba. Ba shi da komai. Mai irin wannan hali, in da sauran ƙarfi, gara ya riƙe ɗan aikin awa goma a mako har ya cike gomansa.

Ta uku ta waɗanda aka haifa kafin 1 ga Janairun 1968 ce, masu dab da ritaya. Kowace shekara da suka biya tana ba su kashi 10 cikin ɗari, dala 3,650 ke nan, kuma ba ta ɓacewa. Shekara uku, dala 10,950. Mai albashin dala 50,000 ya zuba dala 870 a wannan lokaci. Babu wanda ya ci ribar shirin kamar su.

Matsalar da ta fi yawan ɓoyuwa ita ce ta rahoto. Mai kamfani ne ke kai wa hukumar ayyuka ta jiha, ESD, rahoton albashi da awoyi duk wata uku. In bai kai ba, ko ya rubuta awoyi ƙasa da gaskiya, ko yana biyanka a hannu ba takarda, a wurin gwamnati shekarar nan ba ka yi ta ba. Ka ajiye takardun albashinka, ka riƙa duba abin da aka rubuta maka tun kana da lafiyar bin sawu. Wanda kamfani ya ɗauka a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa, ba a cire masa komai, kuma ba ya ciki sai ya shigar da kansa. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ba sa cikin shirin.

Yadda ake nema, da abin da kuɗin ke iya yi

Ana miƙa buƙata ga hukumar jin daɗin jama'a da lafiya ta jiha, DSHS. Za a fara tabbatar da shekarun biya, sannan a auna buƙatar mutum: wanka, cin abinci, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, tafiya, shan magani a kan ƙa'ida. Sai an ga yana buƙatar taimako a uku daga irin waɗannan. Doka ta ba hukumar kwana 45 ta yanke hukunci. Ranar aunawa, abin da ke kayar da tsofaffi shi ne kunya da ƙarfin hali. A tambayi dattijo ko yana iya wanka, ya ce lafiya lau, alhali 'yarsa ce ke zaunar da shi a kujerar roba, ta riƙe masa kafaɗa da hannu ɗaya tana zuba ruwa da ɗaya, ta kuma ɗaga masa ƙafa ya tsallake bakin baho. Wanda ke yin jinyar ya zauna a wurin, ya faɗi yadda ranar da ta fi muni take, ba ranar da jiki ya yi daɗi ba.

Ba tsabar kuɗi ake danƙa wa mutum ba. Asusun yana biyan masu hidimar da suka yi rajista da shi, ana ragewa daga abin da ya rage maka. Yana biyan mai zuwa gida, da kawo abinci, da motar kai majinyaci, da na'urar kiran gaggawa da ake ratayawa a wuya, da gyaran gida kamar gangaren keken guragu da ƙarfen kamawa a banɗaki, da mai karɓar jinya na 'yan kwanaki don mai yi kullum ya huta. Yana biyan gidajen kulawa manya da ƙanana. Abin da ya fi burge mu shi ne ana iya biyan ɗan uwa, har da mata ko miji, bayan ya yi horon da aka ƙayyade. 'Yar da ta rage awoyin aikinta don ta zauna da mahaifiyarta, yanzu akwai inda za a biya ta.

To dala 36,500 ina za ta kai? A ƙaddara mai zuwa gida yana cin dala 40 a awa. Awa 912 ke nan. In awa 20 ne a mako, kuɗin zai yi mako 45, kusan shekara. In awa 40 ne, mako 23 bai cika ba. A ƙaddara gidan jinya yana karɓar dala 400 a rana, kwana 91 an gama. Mai rikicewar tsufa da ke buƙatar ido dare da rana yana iya shekaru a haka, kuma gare shi wannan kuɗi somin-taɓi ne kawai kafin a koma kan ajiyar iyali, daga nan Medicaid. Don haka dabarar kashewa tana da muhimmanci. A fara da abin da ake yi sau ɗaya ya daɗe yana amfani, kamar ƙarfen banɗaki da gangaren ƙofa, don faɗuwa ɗaya da karayar ƙugu ita ke mayar da mai zaman gida ɗan gidan jinya. Sannan a sayi awoyin da suka fi wuya, na safe lokacin wanka da sa kaya, a bar wa iyali sauran.

Dokar da ba ta zauna wuri ɗaya ba

Wanda zai auna wannan shiri dole ya san cewa kusan duk zaman majalisa sai an taɓa shi. Mafi munin abin da aka yi shi ne ƙofar fita ta 2021. An ce duk wanda ya sayi inshorar kamfani kafin 1 ga Nuwamban 2021 yana iya neman a cire shi har abada. Sai aka yi rububi, har kamfanoni suka dakatar da sayarwa a jihar, kuma kusan mutum rabin miliyan suka fice, da yawansu masu manyan albashi. Ba a kuma sa sharaɗin a riƙa duba ko sun ci gaba da riƙe inshorar ba. A Janairun 2022 majalisa ta ɗage fara karɓar kuɗi da wata 18, ta ƙara hanyar masu dab da ritaya, ta kuma ba wasu damar neman fita: mazauna wata jiha masu aiki a Washington, matan sojoji ko mazajensu, masu bizar aiki ta wucin gadi, da tsofaffin sojoji masu naƙasar kashi 70 zuwa sama. Wanda ya samu takardar fita sai ya kai wa mai kamfaninsa, kuma duk sabon wurin aiki sai ya sake kaiwa. In bai kai ba aka cire, ba a mayar masa.

A 2024 aka gyara babban ƙorafin da ya rage, na wanda ya biya shekaru sannan ya ƙaura. Daga Yulin 2026, wanda ya biya aƙalla shekara uku yana iya zaɓar ci gaba bayan ya bar jihar, muddin ya sanar cikin shekara guda ya kuma ci gaba da kai rahoto da biya. Amma biyan mazauna waje sai Yulin 2030, kuma ma'aunin buƙatarsu daban ne da na cikin jiha.

A Nuwamban 2024 an kai ƙudiri mai lamba 2124 gaban masu zaɓe, wanda zai mayar da shiga ganin dama. Sun ƙi shi, kuma a ganinmu sun yi daidai. Inshorar da lafiyayyu da matasa za su fice, a bar masu ciwo, ba ta tsayawa. An ga haka a matakin tarayya: shirin CLASS, irin wannan inshorar jinya da ke cikin dokar lafiya ta 2010, na ganin dama ne, gwamnati ta kasa samo lissafin da zai riƙe shi, aka soke shi a 2013 bai biya kowa ba. Jamus tun 1995 da Japan tun 2000 suna da irin wannan inshora, kuma dukkansu ta dole ce. Sai batun juya kuɗin asusun. Tsarin mulkin jiha ya hana zuba kuɗin gwamnati a hannun jari, masu zaɓe sun ƙi sassauta wa asusun a 2020, suka amince a Nuwamban 2025. Wannan yana da tasiri, don doka ta hana kuɗin da ake cirewa ya wuce kashi 0.58, ribar jari ce za ta cike abin da albashi bai kawo ba yayin da masu nema ke ƙaruwa.

Inda kasafin kuɗi ya shigo

Kuɗin WA Cares a asusunsa na daban yake, ba a cikin tukunyar da ake biyan makarantu da gidajen yari ba. Amma amfaninsa ya rataya a kan kasafin jiha ta wata hanya. Washington tana yin kasafi na shekara biyu-biyu, a zaman kwana 105 na shekarun mara, a yi masa kwaskwarima a zaman kwana 60 na shekara mai bi. A cikinsa ake tsayar da abin da Medicaid zai biya gidajen jinya da masu zuwa gida, kuma wannan farashi shi ke jan albashin masu aikin gaba ɗaya. Cikakken mai jinyar gida a jihar sai ya yi horon awa 75 ya ci jarrabawa. In albashin bai fi na shago ba, ba zai zauna ba. Kana iya samun dala 36,500 a rubuce, ka rasa mai zuwa ƙarfe bakwai na safe, musamman a ƙauyukan gabashin jihar. Wannan rauni ba a dokar shirin yake ba, kuma ba ita za ta gyara shi ba.

Kasafin 2025 zuwa 2027 an yi shi ne cikin giɓin biliyoyin daloli. Daga baya a Yulin 2025 dokar tarayya ta zo da ragin da ofishin kasafin majalisar ƙasa ya ƙiyasta zai haura dala biliyan 900 daga Medicaid cikin shekara goma. A ƙa'idar Medicaid, biyan gidan jinya wajibi ne a kan jiha, yawancin hidimar cikin gida kuwa zaɓi ce, don haka in aljihu ya matse, ita ce a bakin wuƙa. Mai dogaro da cewa in WA Cares ya ƙare Apple Health zai ɗora daga nan da awoyi iri ɗaya, ya riƙa bin abin da ake yi a Olympia daga Janairu zuwa Afrilu.

Gyaran 2025 da Gwamna Bob Ferguson ya sa wa hannu ya buɗe hanyar inshorar kamfani ta ƙari, wadda za ta fara biya bayan na asusun ya ƙare. Ga mai gida da ajiyar da yake so ya bar wa 'ya'ya, nan ne ya kamata ya duba, ya kuma tambayi abu biyu kafin ya sa hannu: ko kuɗin wata-wata na iya tashi, da ko adadin da za a biya yana bin hauhawar farashi.

Wannan gyara ya kuma ba waɗanda suka fice a 2021 da 2022 damar dawowa, daga farkon 2026 zuwa 1 ga Yulin 2028. Wanda ya sayi 'yar ƙaramar inshora don ya tsere wa cirewa kawai, sannan ya bar ta ta mutu, yanzu ba shi da ko ɗaya, kuma shi ya fi kowa buƙatar komawa. Shekarunsa za su fara ƙirguwa ne daga ranar da ya dawo, don haka ɗan shekara 57 da ke shirin ajiye aiki a 65 ya lissafa da kyau: shekara takwas ba goma ba ce, kuma in an haife shi bayan 1967 hanyar kashi goma-goma ba tasa ba ce.